Idan Kun Shiga Gidan Makama, Ku Ɗaga Kai Sama

Da yawa cikinmu kan shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, mu ɗauki hoto a jikin bango mu fice. Daga nan sai a kai wa magini hoton, ya kwaikwayi zanen bangon da siminti da fenti mai ƙyalli, a tashi da ɗaki mai zafi, ga kuɗi sun tafi. Kyan ɗakunan waɗannan tsofaffin gidaje yana cikin ginin kansa, tun kafin a zo ga ado.

Don haka ku je da tsakar rana, lokacin da zafi ya kai zafi, ku ji yadda kaurin bangon ƙasa ke riƙe sanyi. Sannan ku ɗaga kai. Bakan gizon da ke ɗauke da rufin, da azara ake ɗaure shi, itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. Wannan fasaha ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ku lura da tsayin rufi da ƙanƙantar tagogi, da yadda ba a cunkusa kaya ba.

Kada ku taɓa zanen bango, domin yana gogewa, kuma ku nemi izini kafin hoto.

In kun tashi gyaran naku ɗakin, ku ɗauki abu ɗaya tak, ko zane a bango guda ko ƙarin tsayin rufi, ku nemi maginin da ya gaji aikin.