Amita Baccan da Bashinsa

Masu kallon fim ɗin Indiya sun san Amita Baccan, dogon nan mai babbar murya. An haife shi a garin Alahabad a 1942. Ya fara fim a 1969, amma finafinansa na farko ba su yi kasuwa ba. Sai a 1973 fim ɗin Zanjeer ya fito da shi.

Bayan ya yi suna da kuɗi, ya kafa kamfani. Kamfanin ya karye, bashi ya yi masa katutu. To, bai gudu ba, bai ɓuya ba. Da ƙafarsa ya fita neman aiki. A 2000 ya kama shirin kacici-kacici a talabijin, ya riƙa biya sannu a hankali har ya gama.

Mu ma nan Ɗan Gulbi, in damina ta ƙi, mai gida yakan ci bashin hatsi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin kunya shi ne ƙin biya.

Tambayoyi
1. Wane fim ya fito da Amita?
2. Yaya ya yi da bashinsa?