Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi jikin babban mutum mai aiki. Mun saba yin magana a kan lafiyar yara da ta dabbobi. Yau za mu dubi mai riƙe da hauya, da mai daka, da mai jan guga. In waɗannan suka kwanta, gida duka ya kwanta.

Lokacin da aiki ya fi yawa

A nan ƙasar Kurfai damina gajeruwa ce. Ruwa yakan sauka a watan Yuni ko Yuli, ya ɗauke a ƙarshen Satumba. Cikin waɗannan watanni ake shuka, a yi noman fari, a yi maimai. Ciyawa ba ta jiran kowa.

Mu lura da abu guda. Lokacin da aiki ya fi tsanani, a lokacin ne rumbu ya yi ƙasa. A lokacin ne hatsi yake tsada a kasuwar Filinge. A lokacin ne kuma sauro yake yawa. Ga aiki, ga ƙarancin abinci, ga zazzaɓi, duk a wata ɗaya.

A zagayen da muke yi na makarantun karatun manya mun sha ganin abin da wannan yake haifarwa. Magidanci ya yi shuka mai kyau. Ana cikin noman fari sai zazzaɓi ya kwantar da shi kwana 10. Kafin ya miƙe, ciyawa ta rufe hatsi. Da kaka sai ya ɗaure damin da bai kai rabin na maƙwabcinsa ba. Ruwan sama ɗaya suka samu, ƙasa ɗaya suka shuka. Lafiya ce ta raba su.

Saboda haka ƙarfin damina tanadinsa ake yi, kamar yadda ake tanadin iri. Ga hanyoyi guda 6.

1. Kada mu fita da ciki wofi

Da yawa cikinmu muna sammako gona ba mu sa kome a baki ba. Muna jira sai hantsi ya yi a kawo fura. Jikin da ya kwana bai ci ba, sannan aka ɗora masa hauya, naman kansa yake ci. Ɗumamen tuwo, ko kunu, ko ragowar dafaffen wake, duk sun isa karin kumallo.

Abinci iri uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali da mai. Akwai mai gina jiki: wake, gyaɗa, gujiya, nono, cuku, ƙwai, nama, kifi da fara. Akwai mai kare jiki daga cuta: zogale, kuka, yakuwa, rama, tafasa, kabewa, tumatir, da ƴaƴan itace kamar magarya, kanya, mangwaro da ƴaƴan kuka.

Ka'idar mai sauƙi ce. Kowace rana mu ci wani abu daga kowane iri. Tuwo da miyar kuka da aka zuba wa wake ya haɗa ukun. Fura da nono ta haɗa biyu. In aka bi ta da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ta cika uku. Furar da aka dama da ruwa zalla tana cika ciki, amma ba ta gina jiki.

Allah ya hore mana waɗannan abubuwa kusa. Shanun Azawak da ake kiwo a Tukunus sun yi suna wajen ba da nono. Garake na kwarin Dallol Boso, kamar na Bonkuku, suna ba da dankalin turawa da kayan miya da rani. Wake kuwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa abin gina jiki ne. Shi ne naman talaka.

2. Mu ajiye rabon damina tun da kaka

Kuskurenmu a kaka yake farawa. Muna sayar da wake duka lokacin da yake da araha. In damina ta zo, sai mu nemi tiya ɗaya da tsada, ko mu haƙura.

Mu ware waken gida kafin mu kai saura kasuwa. Mu bar shi ya bushe sarai. Mu zuba shi cikin buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, ko cikin jarka mai murfi. A cika, a ɗaure tamau yadda iska ba za ta shiga ba. In babu iska, ƙwari suna mutuwa da kansu. Kada mu barbaɗa maganin feshin gona a kan waken da za mu ci. Guba ce.

Haka ganye. Da damina zogale da yakuwa da tafasa suna da yawa. A tsinka, a wanke, a shanya a inuwa. Ganyen da ya bushe a inuwa ya fi riƙe amfaninsa bisa wanda rana ta ƙona. A adana shi a mazubi mai murfi. Bishiyar zogale biyu ko uku a bayan ɗaki, inda ruwan alwala yake zuba, za su taimaki tukunyar miya ƙwarai.

3. Ruwa: mu sha da yawa, mu sha mai tsabta

A watan Afrilu da Mayu, lokacin sharar gona, zafi yakan wuce digiri 40. Mai aiki yana zubar da ruwan jikinsa ta gumi. Kada mu jira sai ƙishirwa ta kama mu. Mu riƙa kurɓa kaɗan kaɗan tun da safe.

Fitsari shi ne ma'auni. In ya fito da yawa, launinsa fari-fari, ruwan jiki ya isa. In ya fito kaɗan, ya yi ja, jiki yana neman ruwa.

Manyanmu suna tuna kurkunu. Da damina yake fitowa, ya hana manomi taka ƙafa wata guda ko fiye. Ba a samo masa allura ba. Tace ruwa da gina rijiyoyi da hana mai ciwon shiga tabki su suka kashe shi. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Wannan ya nuna mana cewa ƙaramar ɗabi'a tana korar babbar cuta.

Amma ruwan tabki har yanzu yana ɗauke da cututtukan zawo da amai. Ƙyalle ba ya tare ƙwayoyinsu, don sun yi ƙanana ƙwarai. Mu ɗebi ruwan famfo ko na rijiya mai murfi mu tafi da shi gona. In dole sai na tabki, a tace, sannan a tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa bisa yadda likita ya nuna. Mu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan zagayawa.

In zawo ya kama mutum, a dama masa garin gishiri da sukari na likita, ƙunshi 1 cikin ruwa mai tsabta lita 1. In babu, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1. Kada a tula cokalin, a shafe bakinsa. Ya riƙa sha, kuma ya ci gaba da cin abinci. In akwai jini, ko amai ya hana shi sha, a kai shi likita.

4. Gidan sauro na kowa ne

Tun shekarar 2013 aka fara ba yara a Nijar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina. Ana ba ƴan wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata. Wannan tsari na yara ne. Babba sai ya tsare kansa.

Sauron da yake kawo zazzaɓi da dare yake cizo. Mu kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, ko a ɗaki ko a tsakar gida. Mai kwana a bukkar gona ya tafi da nasa. In ya yage, a ɗinke. Kada mu mai da shi shingen garka ko igiyar ɗaure kaya.

In jiki ya yi zafi, mu je likita a ranar ko washegari. Ana ɗiban ɗigon jini a yatsa, cikin ƴan mintoci a san ko zazzaɓin sauro ne. Maganinsa na kwana 3 ne. A shanye shi duka, ko da an ji sauƙi a rana ta biyu. Wuni ɗaya a likita ya fi kwana 10 a kan tabarma.

5. Ƙarfi ba ya cikin ƙwaya

Wasu samari da magidanta suna shan tramol don su daɗe suna aiki. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, likita kaɗai ya kamata ya rubuta shi. Ba ya ƙara ƙarfi. Yana rufe bakin gajiya ne kawai, jiki kuwa yana ci gaba da lalacewa. Mai shansa yana sabawa, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu. Yana iya jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, yana iya kashewa. Kuɗin da ake zubawa a kansa ya isa sayen nono da gyaɗa. Wanda ya riga ya saba, ya nemi likita ya taimake shi ya bari.

Shayi kuma a sha shi da lura. In aka sha shi nan take bayan abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da yake gina jini. A jinkirta kamar awa ɗaya. A rage sukari. Hirar shayi da take kaiwa tsakar dare tana cinye barci, alhali babba yana bukatar awa 7 zuwa 8.

Mu tsara aiki bisa rana. Aiki mai nauyi da safe da la'asar, hutu a inuwa da tsakar rana. In mutum ya ji jiri da ciwon kai, ya tsaya, ya sha ruwa. In ya rikice ko ya suma, a sa shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a gaggauta kai shi likita. Mai ɗaukar buhu ya durƙusa da gwiwa, ya miƙe da ƙafa, kada ya sunkuya da ƙugu.

6. Masu aikin zaune

Ba kowa ne yake gona ba. Akwai tela, da mai shago, da direba, da ɗan kabu-kabu. Su wuni zaune suke yi, kuma hawan jini da ciwon sukari sun fi samun irin wannan jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wato tafiyar ƙafa da sauri ta minti 30, kwana 5. Zuwa masallaci ko kasuwa a ƙafa yana cikin lissafi.

Gishiri kuwa, hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Dunƙulen magi mafi yawansa gishiri ne. A rage shi, a ƙara daddawa da albasa. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Wanda ya kai shekara 40 ya riƙa zuwa awo ko da yana jin garau.

Magana ga magidanta

Mace ce take fara tashi, ita ce take ƙarshen kwanciya. Ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta kai fura gona, ta noma gayaunarta. Amma sau da yawa ita take ci daga baya. Mai ciki da mai goyo sun fi kowa bukatar nono, wake, ganye da nama. Mai ciki ta je awon ciki, ta sha ƙwayar ƙarin jini da ake ba ta. Maigida da samarin gida su ɗauke mata jan ruwa da ɗaukar itace. Wannan ba ya rage wa namiji girma.

Tambayoyi

1. Faɗi iri uku na abinci, ka ba da misali biyu na kowane.
2. Yaya ake gane cewa jiki yana neman ruwa?
3. Cokali nawa na sukari ake sa wa lita 1?
4. Me ya sa tramol ba ya ƙara ƙarfi?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya ci jiya, safe da rana da dare. Ya ja layi ƙarƙashin mai gina jiki. In bai sami abin ja wa layi ba, ya kawo maganar aji a tattauna. Sannan ya karanta wa mutanen gidansa wannan darasi.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.