Hindu: Addini Ne Ko Tsarin Rayuwa? Darasi Ga Mai Fassara

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa ƙoƙarin fassara kalmar dharma daga fim ɗin Indiya ya san wahalar da ke ciki. In ya ce "addini", ma'ana ta ragu. In ya ce "al'ada", ibada ta ɓace. Wannan maƙala za ta duba dalilin hakan.

Asalin Suna

Kalmar Hindu ta fito ne daga Sindhu, wato sunan kogin Indus a harshen Sanskrit. Farisawa ne suka mayar da "s" ta koma "h", suna nufin ƙasar da mutanenta. A ƙarni na 19, zamanin mulkin Ingila, aka yawaita amfani da ita a matsayin sunan addini guda.

Masu Cewa Tsarin Rayuwa Ne

Hujjarsu ita ce, babu mutum ɗaya da ya kafa shi, babu littafi ɗaya tilo, kuma babu shugaba ɗaya. Wani na bauta wa Vishnu, wani Shiva. Dharma kuwa na nufin haƙƙin da ya rataya a wuyan mutum gwargwadon matsayinsa da shekarunsa: ɗalibta, zama magidanci, ja da baya, sannan barin duniya.

Masu Cewa Addini Ne

Su kuma suna nuni da littattafan Veda guda 4, da wuraren ibada, da limamai, da taron Kumbh Mela. Akwai kuma ƙungiyoyi masu tsari, kamar Arya Samaj da aka kafa a 1875 da Ramakrishna Mission a 1897. Ƙidayar Indiya ta 2011 ma ta lissafa shi cikin addinai, da kashi 79.8 cikin ɗari na jama'a.

Muhimmancin Muhawarar

Zancen bai tsaya a aji ba. Wasu mabiya Swaminarayan sun ce su ba Hindu ba ne, don haka dokar da ta buɗe wa 'yan Dalit wuraren ibada ba ta hau kansu ba. A 1966, Kotun Ƙolin Indiya ta kwatanta Hindu da tsarin rayuwa mai faɗi, ta ce suna ciki. A 1995 kuma, kotun ta ce ɗan takarar da ya ambaci Hindutva ba lalle ne yana neman ƙuri'a da sunan addini ba, abin da dokar zaɓe ta haramta. Wannan hukunci ya sha suka. Ke nan ma'anar kalma ɗaya ta shafi wanda zai shiga wurin ibada da kuma yadda ake yaƙin neman zaɓe.

Kammalawa

A Hausa, kalmar "addini" da muka aro daga Larabci ta riga ta ƙunshi aure da gado da ciniki, don haka raba ibada da rayuwa ba shi da sauƙi a wurinmu ma. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, a duba muhallin magana kafin a zaɓi kalma: wani wuri "addini", wani wuri "haƙƙi" ko "wajibi". In duk sun gaza, a bar dharma yadda take, a yi mata bayani.