Darasi: I'itikafi da wayar salula

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, an tambaye mu hukuncin wanda ya shiga i'itikafi da salularsa, yana duba WhatsApp tsakanin raka'o'in tahajjudi. Mun ga hakan da idonmu a goman ƙarshe na Ramalana: masallaci ya yi tsit, an kashe fitilu, amma a kowace kusurwa ga fuska tana haske. Ba hasken ibada ba ne.

Mu koma ga abin da muka karanta gaban malamanmu. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa i'itikafi ba ya inganta sai da azumi, kuma abin da aka fi so kada ya kasa kwana 10. Mai i'itikafi ba ya fita gaida marar lafiya, ba ya sallar jana'iza, ba ya fita fatauci. A lura, gaida marar lafiya aiki ne mai lada, amma an ce ya dakata. Shehu Halilu ya ƙara a cikin Muhtasar cewa makaruhi ne ya shagala da ilmi ko rubutu, ko da Alƙur'ani yake rubutawa, in abin ya yi yawa. To wanda aka karhanta masa rubutun Mushafi, ina matsayin kallon bidiyon barkwanci a wurinsa? Duba waya shi kaɗai ba ya warware i'itikafi, sai dai yana kwashe abin da aka shiga nema.

Hikimar ita ce zuciya tana bukatar lokacin da ba a shigo mata da komi daga waje. Su kuwa waɗannan dandali, tun daga Facebook da aka buɗe a 2004 har zuwa TikTok, an gina su ne don kada wannan lokaci ya samu. Kuɗinsu daga talla yake fitowa, talla kuwa tana son idonka ya daɗe. Na'urar tana lura da abin da ka tsaya a kai, sai ta kawo maka irinsa. Littafi yana da shafin ƙarshe, hira a ƙofar gida tana watsewa in dare ya yi. Wannan kuwa ba shi da ƙarshe, sai in caji ya ƙare.

Mu yi lissafi. Awa 3 kullum, awa 1095 ke nan a shekara, fiye da kwana 45 dare da rana. Wanda ke karanta izu ɗaya cikin rabin awa, da wannan lokaci zai sauke Alƙur'ani duk kwana 10. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne da mutane da yawa ke hasara a cikinsu, kuma aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk ababen tambaya ne.

Ba mu ce waya haramun ce ba. Da ita uwa a Madarunfa ke jin muryar ɗanta da ke ci-rani a Libiya, kuma sada zumunci wajibi ne. Mu ma, masu rawani, ba mu kuɓuta ba. Sau nawa muka buɗe don neman hadisi ɗaya, sai kiran la'asar ya iske mu muna kallon gardamar malamai?

Saboda haka mai niyyar i'itikafi ya bar babbar wayarsa a gida kafin faɗuwar ranar da zai shiga, ya sanar da iyalinsa wanda za su kira in lalura ta taso. Wanda bai samu ikon i'itikafi ba, ya fara tun yanzu da ajiye ta daga magariba zuwa lisha, maigida kafin yara. Kwanakin farko hannu zai riƙa lalube aljihu da kansa. A yi haƙuri, yana wucewa.

Allah ne Mafi sani.