HAƘƘIN KARE YA KAI ATTAJIRI GIDAN YARI: DARASI DAGA RAYUWAR MICHAEL VICK

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, darasinmu na yau daga Amurka za mu ɗauko shi. Suna da wani wasan ƙwallo nasu daban da wanda muka sani, ƙwallon mai siffar ƙwai, da hannu ake jefa ta, babbar gasarsu kuma ita ce NFL.

Michael Vick, haifaffen 1980 a jihar Bajiniya, a unguwar talakawa ya tashi. A 2001 ƙungiyar Atlanta Falcons ta zaɓe shi na ɗaya cikin dukkan sababbin 'yan wasan shekarar. Shi ne mai jefa ƙwallo, jagoran 'yan wasa a fili, ga gudu kamar barewa. A ƙarshen 2004 suka ba shi kwangilar shekara 10 a kan dala miliyan 130. Duniya ta zo masa.

To me ya kayar da shi? Kare!

Shi da abokansa sun buɗe wurin haɗa karnuka faɗa a wani gidansa da ke karkarar Bajiniya, ana caca a kai, shi ke zuba kuɗin. A watan Afrilun 2007 aka kama wani ɗan uwansa kan miyagun ƙwayoyi, binciken ya kai jami'ai gidan, sai ga karnuka sama da 50, wasu da tabon cizo a jiki. Abokan nan uku suka riga shi amsa laifi. Daga baya shi ma ya amsa, har da hannunsa a kashe karnukan da ba su yi ƙoƙari ba, wasu ta rataya, wasu ta nutsarwa a ruwa. A Disambar 2007 alƙali ya yanke masa wata 23. NFL ta dakatar da shi, Nike ta soke yarjejeniyarta, a 2008 ya sanar da kotu cewa ya karye, bashi ya yi masa katutu.

DARASI NA FARKO: dabba tana da haƙƙi. Wani zai ce, "Malam, kare fa?" E, kare. Hukuncin kiwonsa da wanke kwanon da ya lasa babi ne daban, bai halatta azabtar da shi ba. A Bukhari da Muslim akwai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta. A cikinsu dai akwai mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Akwai kuma ruwayar Abu Dawud da Tirmizi da ta hana zuga dabbobi su yi faɗa. Malamai sun yi magana a kan isnadinta, amma haramcin azabtar da dabba don nishaɗi ya tabbata da wasu dalilai ingantattu.

Kada mu tsaya zagin Ba'amurke. Jakin da ake labta wa yashi har gadon bayansa ya yi gyambo fa? Kajin da ake ratayowa a babur kai ƙasa cikin rana? Yaranmu da ke jifan kare muna zaune muna dariya? Dabba ba ta iya kai ƙara wurin mai unguwa, amma Ubangijinta yana gani, kuma ranar hisabi tana nan.

DARASI NA BIYU: abokan ɓarna ba sa raka mutum ranar wuya. Waɗanda suka ci kuɗinsa, su ne masu gabatar da ƙara suka samu a hannu. Ɗan uwa, dubi majalisarku. Idan caca ce ta haɗa ku, ko da ta waya ce, ka sani ranar da ta ɓaci kowa kansa zai ceta.

DARASI NA UKU: gyara ba ya cika sai da mayar da haƙƙi. Vick ya fito a 2009, Philadelphia Eagles ta ɗauke shi, a 2010 ya samu lambar ɗan wasan da ya fi farfaɗowa. Ya riƙa zagaya makarantu yana gargaɗin yara kan faɗan karnuka. Ya kuma bi tsarin biyan masu binsa bashi shekara da shekaru, zuwa 2017 ya biya sama da dala miliyan 17.

Mutumin nan ba Musulmi ba ne, muna roƙa masa shiriya, abin da ke zuciyarsa kuma Allah ne Masani. Amma mu da muka karanta sharuɗɗan tuba, wato barin saɓo, nadama, ƙudurin ƙin komawa, da mayar da haƙƙin mutane, ina muke? Wani ya je Umara sau uku, kuɗin mai shago na shekara biyar yana wuyansa, in an kira shi ya kashe waya. Istigfarin baki ba ya biyan bashi.

Kafin ka kwanta yau, ka tambayi kanka: wa ke bina haƙƙi, mutum ko dabba? In akwai, gobe da safe ka fara saukewa.

Allah Ya raba mu da haƙƙin bayinSa, Ya ba mu ikon tuba kafin mutuwa. Wallahu a'alam.