Farantin Ƙasan Mota: Yadda Za Ka Zaɓi Wanda Zai Tsare Maka Inji

Idan aikinka yana kai ka ƙauyuka da damina, ko kana ratsa hanyoyin tsaunin Mambila da Hilux, ka san ƙarar da dutse ke yi idan ya daki cikin mota. Kaskon baƙin mai yana nan ƙasan inji, kuma da ya huje, man zai tsiyaye cikin 'yan mintoci, inji ya buga. Abin da kamfani ke sa wa yawancin motoci a wurin roba ce ko siririn gwangwani, ƙarfinsa bai wuce tare ruwa da tsakuwa ba. Ga yadda za ka samu faranti na gaske.

1. Gobe da safe ka wanke ƙasan motar, ka ɗora ta kan rami a gareji, ka shiga da tocila. Duk inda ka ga karce ko lotsawa, nan hanyarka ke duka. Ɗauki hotonsa da waya, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin ƙasa da abin da ya fi saukowa.

2. Idan kuɗin bai kai na cikakken saiti ba, fara da gaba: ƙasan lagireto da kaskon baƙin mai. Daga nan sai giyabos da ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya. Tankin mai ya biyo baya.

3. Ƙarfe ko alminiyam? Nan ne ya kamata ka tsaya ka yi lissafi. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma sai an ƙara masa kauri kafin ya yi ƙarfi. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai kaurin milimita 3 yana kai kilo 24, na alminiyam mai milimita 6 kuwa kilo 16. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, ya dace da mai tafiya cikin yashi, kamar hanyar Agadas zuwa Bilma, inda kowane kilo ke ƙara nutsar da taya. Aibinsa, dutse yana cizonsa ya riƙe motar, kuma in ya tsage sai mai waldar agon.

Ƙarfe yana sulɓewa a kan dutse. In ya lanƙwashe, guduma ta miƙar da shi, kowane mai walda a bakin titi zai gyara maka. Ni dai, ga mai bin hanyar duwatsu nesa da birni, ƙarfe nake zaɓa masa. Milimita 3 zuwa 4 ya isa idan an lanƙwasa gefunansa, domin lanƙwasar ce ke ba shi tauri. Kamfanin ARB na Ostareliya, mai ƙera irin waɗannan farantai, ma milimita 3 yake amfani da shi. Kada wani ya lallaɓe ka da milimita 8, gaban motar ne zai zauna, shokozoba ta gaji.

4. A ɗaura farantin jikin shasi da noti, a ramukan da kamfani ya riga ya huda. Kar ka yarda a liƙa shi da walda, kuma kada ya jingina da inji ko giyabos. A bar tazarar kamar yatsu biyu tsakaninsa da kaskon mai. Farantin da ya manne da kasko zai miƙa masa dukan gaba ɗaya.

5. Duba kan noti, ka tabbatar an rubuta 8.8 ko sama da haka. Kawunansu su shige cikin faranti ko a yi musu zobe ya kare su. Kan da dutse ya goge sifana ba ta kama shi, ranar kwancewa sai an sa injin yanka.

6. Ka ce wa mai sayar maka ko mai ƙera maka, malam, ina ramin juye mai? Dole a samu ƙofar da hannu zai kai ga notin juye baƙin mai da filta. In babu, duk sabis sai an sauke faranti, wata rana yaron bakanike ya mayar da noti uku cikin shida. A huda ƙananan ramuka na fitar ruwa da laka, a kuma bar wa iska hanya saboda giyabos yana ɗaukar zafi.

7. In na shago ne, ka saya daidai da samfuri da shekarar motarka, domin ƙasan Hilux ta 2010 daban yake da na 2018. In kuwa ƙerawa za a yi maka a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, kai motar da kanta, a fara yanka kwali a gwada kafin a taɓa ƙarfe. A shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje.

8. Da rani, busasshiyar ciyawa tana taruwa a kan faranti kusa da salansa, kuma zafin salansa yana iya kunna ta. Wannan don Allah kar ka yi wasa da shi. Duk ranar da ka ratsa gona ko makiyaya, tsaya ka zaro ta da sanda kafin ka hau kwalta. Bayan tafiyar farko kuma, koma kan rami ka sake ɗaure kowane noti, ka sake auna tazarar nan ta yatsu biyu.