Wane Ne Karel Farský?

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto yana cewa, "Don Allah wane limamin Kirista ne ya kafa wa mutanen Cek cocinsu na ƙasa, kuma me ya raba shi da Roma?"

Amsa: Malam, sunansa Karel Farský. An haife shi a 1880 a ƙauyen Škodějov, lokacin ƙasar Cek tana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Aka naɗa shi fada na Katolika a 1904, ya kuma koyar da addini a wata makaranta a garin Plzeň.

Da daular ta rushe a 1918 aka kafa Cekoslobakiya, mutane da yawa suna jin haushin cocin Roma saboda kusancinsa da sarakunan Habsburg da suka mulki daular. Ba su kuma manta da Jan Hus ba, malaminsu da aka ƙone da ransa a 1415. A 1919 wasu limamai suka aika tawaga wurin Fafaroma Benedict na 15, suna roƙon a riƙa ibada da harshen Cek maimakon Latin, a kuma bar limamin da ke son aure ya yi. Aka ce a'a.

Farský bai tsaya jira ba. A Kirsimetin shekarar, shi da abokansa suka ja ibada da harshen Cek, tsoho da yaro suna jin kowace kalma. A ganina nan ne igiya ta tsinke, domin wanda ya taɓa fahimtar addu'arsa da wuya ka mayar da shi baya. Ranar 8 ga Janairu 1920 suka taru a Prag, suka kafa Cocin Cekoslobakiya. Roma ta kore su, amma ƙidayar 1921 ta nuna mabiyansu sun haura dubu 500.

Sai rikicin cikin gida ya taso. Bishop Gorazd, ɗaya daga cikin jagororin sabon cocin, ya so a bi tafarkin cocin Otodoks, Farský kuwa ya tsaya kan 'yancin mutum ya bi abin da zuciyarsa ta gamsu da shi. Suka rabu, aka zaɓi Farský shugaba na farko a 1924. Wa'adinsa bai yi nisa ba, ya rasu ranar 12 ga Yuni 1927 yana da shekara 46.

Cocin yana nan har yau. Tun 1947 yake naɗa mata limanci, a 1971 kuma aka ƙara sunan Hus a cikin sunansa.